Sukarin da Na Zuba a Irin Baba Hamadu

Ku 'yan staji da aka turo mini koyon aiki bana, ina ganin irin kallon da kuke yi wa aikin nan, ni ba makaho ba ne. Shekaranjiya ɗayanku ya ɗaga ƙunshin baƙin garin nan da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera, ya ce, “Shi ke nan aikin? A kwaɓa, a shafa wa iri, a shuka? Ai ko kakata za ta iya.” Kakarsa za ta iya, za ta ma fi shi, domin ita kafin ta kwaɓa sai ta leƙa waje ta dubi sama. Ƙafafuna sun daina jure dogon bayani a tsaye, ku kuma kunnuwanku suna cikin waya, shi ya sa na ce bari in rubuta. Wanda ya ga dama ya karanta.

Sunana Sale, a nan Garwa aka yanke mini cibiya. Ubana mahauci ne, kakana ma haka, da an bi ta tasu da yanzu ina tsaye bayan tebur da wuƙa. Amma na ɗan taɓa lekol, wato boko, na iya karanta abin da ke jikin kwalba da Faransanci, sai aka ɗauke ni wankin kwalabe a wani labo, ɗakin gwaje-gwaje na aikin gona. Na yi shekaru ina wannan, ban san abin da ake zubawa a ciki ba, ban kuma tambaya ba. Ranar da aka kawo Madam Terez don ta fara aikin ƙwayoyin ƙasa, ta tarar da ni ina goge kwalba da gefen rigata. Ta karɓa, ta ɗaga ta a hasken taga, ta ce, “Wa ya koya maka?” Na ce ba kowa. Ta ce, “An gani.” Daga ranar na zama ɗalibinta, a lokacin furfura ta riga ta fara leƙo mini a gemu.

Aikin farko da ta kai ni tonon saiwa ne a harde, wato ƙasar nan da ta mutu ta yi tauri, wadda ko akuya ba ta tsayawa a kanta. Ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, dawa duk ta naɗe ganye. Muka yi ta yawo tun hantsi har rana ta take, tana neman abu guda: tsiron da ya rage kore alhali na kusa da shi sun bushe. In ta gani sai ta tsuguna ta ce in tona a hankali, da ƙaramar wuƙa. Ni kuwa hannun mahauta gare ni, na finciko na farko, na kakkaɓe shi tas a gwiwata, na miƙa mata ina jiran yabo. Ta dube ni ta ce, “Sale, ka zubar da naman ka kawo mini ƙashi.” Ashe abin da muke nema yana cikin 'yar ƙasar nan da ke manne da saiwa. Wasu halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya, suna zaune a wurin suna cin abin da saiwa ke fitarwa. Su kuma suna sa ta yi tsawo ta yi gashi da yawa, suna yin wani yauƙi da ke riƙe mata danshi. Ba sa kawo ruwa, ku ji da kyau, kada in ji wani ya je ƙauye ya ce suna kawo ruwa. In ruwa ya ɗauke, shukar da ke tare da su takan ƙara jure 'yan kwanaki, iyakar abin ke nan. Amma wanda ya taɓa tsayawa a gona yana kallon gabas ya san abin da ake nufi da 'yan kwanaki.

Kayan aikinmu ba su da wani kwarjini. Akwai kokot, tukunyar nan mai murfin da ake ɗaurewa, a ciki muke dafa duk abin da zai taɓa ƙwayoyin har ya mutu murus. Akwai 'yar fitila mai harshen wuta shuɗi, da waya mai ɗan zobe a baki da ake gasawa har ta yi ja kafin a ɗebi abu da ita, da farantan gilashi masu murfi. Na tuna wata Laraba da na buɗe faranti ina shafa ƙwayoyin, sai mai gadi ya leƙo ta taga ya yi mini sallama. Na amsa, har da tambayar iyali. Madam Terez ta zo ta kwashe farantai goma sha biyun da na yi ta jefa su cikin kokot. Na ce, “Madam, sallama aka yi mini, amsa ta dole ce.” Ta ce, “Amsa da kai. In ka rufe faranti ka amsa da baki har gobe.” Na ji haushi ƙwarai, na yini ban yi mata magana ba. Sai ta bar mini faranti ɗaya a kan tebur. Bayan kwana uku na ga abin da numfashina ya shuka a ciki, kore da baƙi da wani mai gashi kamar na tsohon tuwo. Har yau in ina aiki aka yi sallama, kai nake gyaɗawa, mutanen unguwar Jambutu da ba su sani ba suna cewa girman kai ya kama ni.

In ƙwayoyin sun yi yawa a kwalba, ba za ka ba manomi kwalba ba. Gawayi muke dakawa, mu tankaɗe da rariya mai laushi, mu haɗa da lallausar ƙasa, mu dafa a kokot, in ya huce mu zuba ruwan ƙwayoyin mu ƙulla a leda. Shi ne baƙin garin da kuke rainawa. Abu ne mai rai, kuma a Garwa muke, garin da a watan bazara ko ƙarfen ƙofa ba ka iya taɓawa da azahar. A labo firigo, wato firji, ke riƙe shi da sanyi. A hanya kuwa sai kula, a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ɗaure a bayan moto, wato babur, kuma duk inda ka ga rijiya ka tsaya ka sake jiƙa buhun. Na sha isa ƙauye maƙogwarona a bushe, ruwan da ke gorata na ba buhu.

Masu karɓa kuwa, kowa da nasa. Karon farko da na yi bayani a gindin wata bishiyar dalbejiya, na yi kuskuren cewa mikrob ne a ciki, sunan da asibiti ke kiran ƙwayoyin cuta da shi. Kafin in rufe baki mata sun ja 'ya'yansu baya, wani dattijo ya ce, “Likita ya ce mu kashe mikrob, kai kuma ka ɗauro shi a moto ka kawo mana?” Daga nan na daina faɗin kalmar. Sai in ce, kun ga yadda mai nono ke rage ɗan tsohon kindirmo a ƙwarya don ya kama sabon? To wannan kindirmon ƙasa ne. Wannan kowa yana ganewa. Amma ganewa daban, bi daban. Na ga wanda ya karɓa ya ajiye a kan rufin kwano don kada kaji su taɓa. Na ga wanda ya barbaɗa a gonar auduga kamar taki, ya dawo yana zagina. Wani ma ya ajiye nasa shekara biyu a cikin akwati tare da takardar haihuwar 'ya'yansa, wai abu mai daraja ba a gaggawar kashe shi.

Saboda irin waɗannan Madam Terez ta taƙaita mana dokoki uku, ta sa muka haddace. A kwaɓa da ruwan ƙaro don garin ya manne wa iri, a shanya a inuwa, kada rana ta gan shi. Kada a haɗa shi da jan garin nan na kasuwa da ake cuɗa iri da shi don kashe tururuwa da ƙwari, domin gubar da ke kashe su tana kashe namu. Sannan irin da aka shafa kada ya wuce gobe ba a shuka shi ba. Dokoki ne na gaskiya, ko ɗaya babu ƙarya a ciki. A gonar gwaji aka yi su, inda akwai famfo da tiyo, in ka shuka yau ka ba da ruwa yau.

Akwai wata gonar masara a bayan Pitowa da na raba biyu, rabi da baƙin gari, rabi babu. A shekarar ruwa ya yi hutu mai tsawo bayan an yi noman farko. Rabin da babu tun hantsi yake naɗe ganye, ɗayan kuwa sai rana ta take yake sallamawa. Mutane suka yi ta zuwa kallo, suna nuna ganye da yatsa. Wani tsoho guda ne bai kalli ganye ba. Ya nemi izinin mai gona, ya tsuguna ya tono ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ya jera saiwoyin a tafin hannunsa ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce da ni, “Kai ne monitar ɗin, malamin gona? Wannan ya je neman ruwa, wannan yana jira a kawo masa.” Shi ne Baba Hamadu. Da Fulatanci muke magana da shi, ni nake mayar muku da Hausa.

Ba ɗan wurin ba ne. Daga duwatsun arewa ya sauko tun yana da ƙarfinsa, lokacin da ƙasarsu ta gaza ciyar da su, shi da matarsa Dada Asta. Abin da suka sauko da shi bai wuce tabarma da tukunya ba, sai wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka. A cikin tulun akwai irin dawarsu, wata gajerar jar dawa mai ƙaramin kai, wadda ya ce kakan kakansa ma ita ya ci. Ba ta cika rumbu kamar ta zamani, amma in ruwa ya ɗauke sai ta naɗe ta yi kamar ta mutu, ta jira, in ya dawo ta buɗe ta ci gaba. Maƙwabta sun raina ta saboda ƙanƙantar kai, ba wanda ya taɓa roƙon irinta. Shi kaɗai ke shuka ta a yankin. Kowace kaka Dada Asta ke zaɓar kawunan da suka fi kyau, ta sussuka da hannu, ta cuɗa da toka ta mayar cikin tulun. Ya ce mini, “Dawata ta iya jira. In ka ƙara mata wannan abin naka, ina ga ko shekarar da ta fi kowace muni za mu ci tuwo.” Na ji daɗin maganar har cikin raina, domin shi ne mutum na farko da ya fahimci aikina ba tare da na yi masa misalin kindirmo ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekarata. Madam Terez ta yi ritaya ta koma garinsu, aikin ya dawo hannuna. Ana cikin tsananin bazara firigo ya mutu, mai gyara ya zo ya buɗe bayansa ya girgiza kai. Ina da ƙunshi cike da kula biyu, aikin wata uku, kuma na san in suka ƙara kwana kaɗan a wannan zafi sun zama gawayi kawai. Na saka su a gindin randa, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ina ta duban sama. Ran nan da safe hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta yi sanyi, kowa a unguwa yana cewa yau kam sai Allah. Na ɗaure kula na hau moto. A gaggauce na fita, sai a hanya na tuna ƙaron da nake kwaɓi da shi ya ƙare. Takardar aikin ta ce in babu ƙaro ana iya yi da ruwan sukari. Na tsaya wurin mai tebur a Pitowa na sayi sukari.

Gidan Baba Hamadu na fara zuwa. Ya fasa lakar bakin tulun a gabana. Shekarar da ta wuce ba ta yi musu kyau ba, irin da ke ciki bai fi mudu uku ba. Dada Asta ta sheƙe tokar, ta kawo babbar ƙwarya. Da ta ga ina narka sukari sai ta ce, “Malam Sale, sukari a iri?”

Na ce, “Don ya manne ne, Dada. Haka takarda ta ce.”

Tana juye irin a ƙwarya sai ta tsaya, ta rage kamar cikin tafi biyu a gindin tulun. Ni kuwa ina kallon kwaɓin da na yi, na ga ya yi yawa, zai lalace a banza. Na ce, “Zuba duka, Dada, ruwan ya isa.” Ta dubi mijinta. Ya ce, “Zuba masa. Ya san aikinsa.” Ta juye, har da bubbuga gindin tulun.

Na cuɗa da hannuna har kowace ƙwaya ta yi baƙi tana ƙyalli, muka baza a tabarma a cikin zaure. Na karanta masa dokokin nan uku kamar yadda na haddace. Da na zo kan jan gari sai ya ɗaga kai.

“Tururuwa fa, monitar?”

“Baba, dubi sama. Ruwa yau zai sauka. Kafin tururuwa ta ji labari dawarka ta tsiro.”

“In bai sauka ba?”

“Kada dai ya wuce gobe ba ka shuka ba. In ya wuce, abin ya mutu.”

Ya ce, “Na ji.” Na hau moto na wuce ƙauye na gaba, ina ta sauri kada ruwa ya tare ni a hanya.

Hadarin nan iska ya zama. Ta kwashe rufin wasu gidaje, ta karya rassa, ta wuce, ko ɗigo bai sauka ba. Washegari sama ta yi fes.

Ku da kuka tashi a birni, bari in gaya muku abin da ake kira binne. In damina ta yi jinkiri, manomi yakan shuka iri a busasshiyar ƙasa, ya rufe, ya bar shi yana jiran ruwan fari. Tsohuwar dabara ce, kuma tana yi, amma da sharaɗi: irin ya zama busasshe ƙayau, kuma a cuɗe shi da abin da zai kori tururuwa, toka ko jan gari. Na san binne, tun ina yaro nake jin sunansa. Ban taɓa haɗa shi da dokokina a cikin kaina ba. Na wanke wa mutum tokarsa, na jiƙa masa iri, na shafe shi da sukari, na hana shi guba, sannan na ce kada ya wuce gobe.

Kwana uku da yin haka na gane abin da na aikata. Ina zaune a labo gaban mataccen firigo abin ya faɗo mini. Amma ban tafi ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Na kwantar da hankalina da cewa ai manomi ba ya bin magana duka. Shekara nawa ina fama da su, wannan ya sa a rufin kwano, wancan ya sa a akwati. Na ce tsohon nan ya fi ni sanin ƙasa, zai ga sama ta washe ya ajiye irinsa, ko ya barbaɗa jan gari a ɓoye kamar yadda kowa ke yi. Haka kuwa sauran suka yi. Duk waɗanda na shafa wa iri a ranar, wasu sun wanke, wasu sun sa guba, wasu sun ajiye sai da ruwa ya zauna. Ba wanda ya yi asarar ƙwaya ɗaya. Mutum guda ne ya ɗauki maganata da daraja.

Bayan kwana goma aka yi wani yayyafi, irin wanda ke tayar da ƙanshin ƙasa kawai ya tafi. Sai da aka ƙara kusan mako sannan na iya daurewa na hau moto. Ban same shi a gida ba, Dada Asta ma ba ta nan. Na bi hanyar gona. Tun daga nesa na ga layukan shuka a miƙe, rami bayan rami, aikin mutumin da ya san hannunsa. Na tsuguna na tona ɗaya, babu komai. Na tona na biyu, babu. A na biyar na sami ƙwaya ɗaya da yayyafin nan ya tayar, ta fito da ɗan farin tsiro, rana ta ƙone shi ya zama kamar zare. Tsakanin layukan kuwa ga hanyoyin tururuwa nan sun yi santsi, sun nufi gefen gona, inda gidajensu suke.

A can na same su. Baba Hamadu yana cikin rami har gwiwa da diga a hannu, ƙafafunsa duk tururuwa, bai ko kakkaɓe su ba. Dada Asta tana zaune a gefe da faifai, duk ƙasar da ya ɗebo sai ta sheƙe, ta tsince jar dawa daga cikin 'ya'yan ciyawa ɗaya bayan ɗaya tana sakawa a ƙoƙo. Na yi sallama, suka amsa, har ya tambaye ni gajiyar hanya da mutanen Garwa.

Ya ce, “Kakata ta ba ni labarin shekarar da suka tona gidan tururuwa don su ci. Ina jin abin kamar tatsuniya.”

Na ce, “Baba, me ya sa ba ka sa jan garin ba da ka ga ruwa bai zo ba?”

Ya dube ni, ba da fushi ba, da mamaki. “Ai kai ka ce kada in sa.”

Na tuɓe riga na karɓi digar. Gida huɗu muka tona a ranar, washegari na dawo muka tona uku. Tururuwa tana da rumbuna a ƙarƙashin ƙasa, ɗaki-ɗaki, kuma ta fi wasu mutane iya ajiya. Cizonta ya kumbura mini ƙafafu har takalmi ya ƙi shiga. Abin da muka tara gaba ɗaya bai kai rabin mudu ba. Na ɗebi kaɗan na duba a tafin hannu. Kusan kowace ƙwaya an ɗan gutsure ta a ido, daidai inda tsiro ke fitowa. Haka tururuwa ke yi don kada abincinta ya tsiro mata a ɗaki. Dada Asta ta riga ni gani, tun ƙwayar farko, ba ta dai faɗa ba.

Na ce su ba ni cikin cokali biyu in gwada. Na zaɓi waɗanda idonsu ya fi kama da lafiyayye, na jera su a kan jiƙaƙƙiyar takarda cikin farantan gilashin nan, na rufe. Ban taɓa kula da wani aiki kamar yadda na kula da farantan nan ba. Cikin kwanakin da nake jira na shiga kasuwar Pitowa ranar Lahadi, na bi masu hatsi layi-layi da 'yan ƙwayoyi a hannu ina tambaya. Kowa ya ce jigari ce, jar dawar da aka saba gani, ga ta nan, ya nuna mini buhu. Ba ita ba ce. Na tambayi direbobin da ke hawa arewa, na ba su sunan ƙauyen, suka ce mutanen wurin sun watse, waɗanda suka rage masara suke yi. Har yau ban daina tambaya ba, duk wanda ya ce mini daga duwatsu yake sai na tsare shi. Kwana bakwai na ba farantan. Abin da ya fito a ciki shi ne irin abin da numfashina ya taɓa shukawa, kore da baƙi.

Gobe za mu fita ƙauye da ku, firigo sabo ne, ƙaro yana nan cike da gwangwani. Za ku ga kafin in buɗe kula sai na tona ƙasa da yatsa na ji danshi, in babu mu juyo da kayanmu ko da hadari ya kai ƙasa don baƙi. Za ku ga ba na taɓa irin mutum sai ya raba shi biyu ya mayar da rabi ɗaka, in ya ƙi ni ma na ƙi. Kuna iya cewa tsufa ne. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mai gardama da ku ba abin tsoro ba ne, shi zai kare kansa. Wanda ya ce muku “na ji”, shi za ku koma ku duba washegari.

Ranar da na koma in gaya musu sakamakon farantan, ruwa ya riga ya zauna, gonakin maƙwabta sun yi kore. Baba Hamadu ya shuka masarar da wani ya ba shi. Na same shi a zaure, a kan tabarmar da muka shanya irin. Na zauna, muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, “Baba, ko ɗaya ba ta tsiro ba.”

Ya ce, “Mun sani. Asta ma ta gwada a katangar fasasshiyar tukunya, a gindin randa.”

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce abin da Allah ya rubuta ba monitar ne zai goge ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Muna nan zaune sai Dada Asta ta shigo da ƙwarya a rufe da faifai, ta durƙusa ta ajiye a gabana, ta ɗora ludayi. Na buɗe. Kunu ne, ja, yana tururi. Na dube shi, na dube ta.

Ta ce, “Ita ce, dawar da muka tono. Na wanke ta sau uku, na niƙa da safe da na ji ƙarar motonka daga nesa. Tunda ba mu sa mata guba ba, ai ana iya sha.”

Na ce ba zan iya ba. Baba Hamadu ya ce, “Sha, Malam Sale. Tun bara kana jin labarinta a bakina, ba ka taɓa ɗanɗanawa ba. Bai kamata ta tafi ba ka san ta ba.”

Na ɗauki ludayin. Suna zaune suna kallona, su ba su sha ba, wai baƙo ke fara. Na sha, na miƙa masa, ya sha ya miƙa mata, ta juya baya ta sha, ƙwaryar ta dawo wurina. Haka muka yi ta zagayawa mu uku, har ludayi ya fara kartar gindi. Tana da wani ɗan bauri a farko, sannan zaƙi ya biyo baya a hankali, ba sukari a ciki ko kaɗan. Dawa ce mai daɗi, yara. Ban taɓa shan kunu irinsa ba, kuma ba wanda zai ƙara sha.